Daga Bakin Ruwan Yauri Zuwa Tashar Zuba: Yadda Muke Sayar da Kaya ta Waya Daga Ƙauye

Mu da ke saye da sayarwa ta waya daga ƙauyukan kudancin Kebbi, tsakanin Koko da Shanga da Yauri har zuwa Wara, ba kowace rana muke aika kaya ba. Mako guda shi ne zagayenmu: kwana uku muna karɓar oda, rana ɗaya ta kasuwa, rana ɗaya ta gyara da ɗauri, rana ɗaya ta tasha, ta bakwai kuma ta bin sawun kaya har su shiga hannun masu su. Mai irin wannan sana'a a Kano ko Abuja yana iya karɓar oda da hantsi, ɗan babur ya kai da la'asar. Mu kasuwarmu sau ɗaya take ci a mako, kuma tsakanin ƙofar gida da kwalta akwai kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa. Wanda ya ce wa mai saye "gobe zan aiko", alhali kasuwa sai gata, ya zubar da yardar da aka ba shi tun bai sayi komai ba. Shi ya sa abu na farko da muke rubutawa a kowace talla shi ne ranar da kaya za su tashi. Farashi yana biyo baya.

Kafin a kai nan, sai an san abin da za a sayar. Kayan da suka dace da mu su ne marasa nauyi, masu daraja, waɗanda za su yi kwana uku a hanya ba su canza ba. Direba ba ruwansa da darajar abin da ke cikin kwali, girma da nauyi yake kallo, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin mota ne ke yanke wa kowane kaya hukunci. Shinkafar Kebbi ta yi suna, masu saye na yawan tambayarta, amma aika tiya biyar zuwa Abuja aikin banza ne, don kuɗin mota zai sa ta fi ta kasuwar unguwarsu tsada. Shinkafa ba ta biya sai an tara buhuna an bi babbar mota. Albasar Aliero ta masu tirela ce da ke kai wa Mile 12 a Legas. Idan aka ƙunshe kaɗan a leda sai ta yi gumi ta ruɓe. Man gyaɗa yana yoyo, man shanu yana narkewa, kuma duk ranar da ɗayansu ya ɓata kayan fasinja, direban nan ba zai sake karɓar saƙonka ba. Abin da ya rage mana shi ne kifin banda, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, ƙuli-ƙuli, zogale, faifai da tabarma. Kifi ya fi duka kawo riba, shi ne kuma ya fi duka jawo asara, don haka a kansa zan fi tsayawa.

Kwana ukun farko na waya ne. Muna amfani da WhatsApp Business saboda yana da wurin jera kaya da farashinsu, yana da amsa ta kai tsaye ga wanda ya yi sallama lokacin da ba mu da sabis, kuma ana iya yi wa kowane mai saye alama: ya tambaya, ya biya, an aika, ya karɓa. Abin da sababbin shiga ba su cika ganewa ba shi ne, sitatus ba ya bayyana sai ga wanda ya adana lambarka kai ma ka adana tasa, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Saƙon bai-ɗaya, wato wanda ake tura wa jerin mutane lokaci guda, shi ma mutum 256 kaɗai yake ɗauka a jeri guda, kuma wanda bai adana lambarka ba ba zai gani ba. Saboda haka Facebook da TikTok su ne bakin kasuwa, inda baƙo zai gan ka, WhatsApp kuma shi ne cikin rumfa. Duk wanda ya yi magana ta can, muna roƙonsa ya adana lamba kafin a ci gaba da ciniki.

Hoto da rana ake ɗaukarsa, a inuwa, da hantsi ko bayan la'asar, a kan farin faranti ko sabon faifai. Kifi a hoto yana ruɗi: ƙaramar tarwaɗa idan aka matso da waya sai ta cika fuska kamar ragon ruwa. Muna ajiye kwalin ashana a gefe, ko a riƙe kifin a hannu, sannan a yi gajeren bidiyo yana kan sikeli lambar kilo tana fitowa. Mai saye da ya ga girman gaskiya tun farko ba ya dawo da ƙorafi. Duk hotunan muna shirya su ne babu data, sai an je inda sabis ke da ƙarfi a tura gaba ɗaya. Kowane ƙauye yana da irin wurin nan, kan tudu ko bakin makaranta ko gefen kwalta, kuma yawanci da asuba ko tsakar dare ya fi gudu. Layi biyu na kamfanoni daban dole ne. Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a farkon 2025, bidiyo mai tsawo ya zama ɓarna, daƙiƙa goma sha biyar ta isa.

Wayar kanta sai an tsare ta kamar yadda ake tsare shago. Layin sana'a ya zama da sunanka da lambarka ta NIN aka yi masa rajista, domin idan ya ɓace, da shi kaɗai za a dawo maka da shi, kuma duk masu sayenka wannan lambar suka sani. A sa wa layin lambar sirri, domin wanda ya ciro shi daga wayarka a shagon caji yana iya sa shi a wata waya ya nemi hanyar asusunka. Ƙaramin farantin sola da batirin ajiyar caji sun fi barin waya a hannun mai caji. A WhatsApp kuma a kunna tabbaci mai mataki biyu. Duk wanda ya kira ya ce an turo maka lamba shida ka karanto masa, ko da ya ce daga ƙungiyar 'yan kasuwa yake ko taron addu'a za a sa ka, ɓarawo ne. Da ka karanta ya ƙwace shafin, ya shiga karɓar kuɗi a hannun mutanenka da sunanka.

Mutanenmu sun fi son saƙon murya, kuma muna amsawa da murya, amma oda ba ta tabbata sai an rubuta ta. Ga irin abin da muke turawa: "Hajiya, ga abin da muka tsayar: tarwaɗa matsakaiciya kilo 3, kuka kilo 1. Kaya za su tashi ranar kaza, za a karɓa a Zuba. Kuɗin mota yana cikin jimlar da na turo. Idan haka ne, ki amsa da eh." Wannan saƙo ɗaya shi ke raba gardama daga baya.

Kuɗi kuwa gaba ɗaya muke karɓa kafin ranar kasuwa. Biya in kaya sun iso ba ya yiwuwa daga ƙauye, don idan mai saye ya kashe waya ba ka da wanda zai ɗauko maka kwali daga tashar Zuba da ke bakin Abuja, kifi kuma ba ya jira. Ga wanda bai san mu ba kuma yana ɗari-ɗari, muna ba shi shawara ya fara da kilo ɗaya. Akwai tambayar da masu tsoron Allah ke yi, kuma tana da muhimmanci: ya halatta ka sayar da abin da bai shigo hannunka ba? Malaman fiƙihu sun yi bayanin cinikin salam, inda ake biyan kuɗi duka a gaba, a kan kayan da aka siffanta irinsu da yawansu da lokacin bayar da su. Wannan ya ƙara mana dalilin rubuta iri da kilo da rana ƙarara. Wata hanyar ita ce wakilci: ka gaya wa mutum cewa za ka sayo masa ne, ga la'adarka. Abin da ba ma yi shi ne ɗauko hoton kifin wani mu ce ga shi a hannu.

Hoton rasit ba shaida ba ne, saƙon alat ma ba shaida ba ne, duka biyun ana ƙirƙirarsu. Shaida ɗaya ita ce ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun ƙaru. Idan sabis ya hana, ana cewa, "Yallaɓai, a ɗan yi mini haƙuri in duba," ba a sa sunan kowa a jerin waɗanda suka biya sai an gani. Akwai kuma mai turo rasit na ƙarya da kuɗi fiye da na kaya, sannan ya kira hankali tashe ya ce a mayar masa da rarar. Kada a mayar da ko sisi sai an ga shigarsu. A kula da matakin asusu: ƙaramin asusu na matakin farko ba ya riƙe fiye da naira 300,000, kuma idan oda ta taru mako guda, taransifar mutane za ta riƙa komawa ba ka san dalili ba. A ɗaga matakinsa da BVN da NIN tun da wuri. Sunan da ke kan asusu ya yi daidai da sunan da aka san ka da shi. Mai saye da ya ga sunan wani daban sai ya fasa, kuma yana da gaskiya. Idan ciniki ya kankama, rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC tana ba ka damar buɗe asusu da sunan sana'ar.

Jajibirin kasuwa muke cire tsabar kuɗi. Masunta da matan da ke banda da yawansu takarda suke so a hannu, kuma ranar kasuwa mai POS yana ƙara caji ko kuɗinsa su ƙare kafin azahar. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya san yadda mutum ke tsayawa gaban kaya da kuɗi a waya amma ba halin saye.

Ranar kasuwa da sassafe ake shiga, da sikeli na rataye a aljihu. A bakin ruwa kifi kashi-kashi ake sayar da shi, ko kwando, ko kwali, mu kuma da kilo muke sayarwa, don haka kafin a yi tayi sai an rataya an gani. Daga nan sai duba. A ɗauko daga ƙasan kwando, kada a tsaya ga na sama. A danna naman da ke bayan kai, wurin da ya fi kauri, nan ne ƙarshen bushewa. Idan ya lotsa, da sauran ruwa a ciki. A buga kifin a tafin hannu: idan gari ya zubo, ƙwaro ya riga ya shiga, kuma wanda ke ciki zai ci sauran a hanya. A leƙa cikin ciki da ƙarƙashin kunne ko akwai farin fumfuna. A shinshina. Ƙamshin hayaƙi daban, warin magani daban. Wasu na fesa wa kifi piya-piya don korar ƙwaro, kuma wannan guba ce da za ta shiga tukunyar mutane da 'ya'yansu. Kifin da ke shanye a fili amma ƙuda ba ya ko kusantarsa abin tuhuma ne. Komai arharsa a bar shi. Mafita ta dindindin ita ce ka sami masu banda biyu ko uku da ka san hannunsu, ka riƙa ba su kafin alƙalami, su san cewa kayanka ba a sa musu magani kuma za ka biya bambancin.

Kowane kifi da halinsa. Tarwaɗa da aka naɗe ta fi jure tafiya, shi ya sa ita muke fi aikawa nesa. Karfasa tana da saurin karyewa. Kurungu yana da ƙaya mai ƙarfi da ke huda leda da kwali har da hannun mai buɗewa, sai an karye ta kafin ɗauri. Manyan yanka na giwan ruwa ko ragon ruwa suna da kyau a ido kuma suna da tsada, amma su ne suka fi ɓoye danshi a tsakiya.

Washegari ba a ɗaure kifi kai tsaye. Da yawa cikin masu banda ba sa bari ya bushe ƙarau, saboda mai ɗan ruwa ya fi cika ido da nauyi, kuma wanda zai ci a ranar ba abin da ya dame shi. Namu zai kwana a mota, ya yini a tasha, wataƙila ya ƙara kwana kafin a buɗe. Don haka muna sake masa banda a kan garwashi, ba harshen wuta ba, ana juyawa, har sai ya yi sauƙi a hannu kuma ya ba da ƙara idan an ƙwanƙwasa. Ba a hura wutar da leda ko roba, warin yana kama kifin. Bayan an sauke sai a baza shi a inuwa, a rufe da raga saboda ƙuda da kyanwa, ya huce sarai. Kuskuren da ya fi kowane yawa a nan yake: a zuba kifi da ɗumi a leda a ƙulle. Zai yi gumi a ciki, kuma kafin ya kai Suleja fumfuna ta fara.

A wannan ranar ce ake sanin farashin gaskiya, kuma a nan jarin mutane da yawa ke zurarewa ba su sani ba. Ga misali da lambobi masu sauƙin lissafi, ba farashin yau ba. A ce ka sayi kilo 10 a naira 60,000, kilo ya kama 6,000 ke nan. Ka sa shi 7,500 kana ganin ribar 1,500 a kowane kilo. Bayan sake banda ya koma kilo 9. Ka tsince karyayye da ɓurɓushi rabin kilo, saura 8 da rabi. Kilo ya koma kusan 7,060. Ka ƙara kabu-kabu, cajin POS, itace, kwali, salatif, data, da naira 50 ɗin da ake cira a taransifar da ta kai 10,000, a ce duka 5,000. Jimla 65,000, kilo ya kama kusan 7,650. Kai kuwa 7,500 ka sayar, ka karɓi 63,750. Ka yi aikin mako guda ka ci uwar kuɗi da 1,250, kuma waya cike take da godiyar masu saye. Shi ya sa farashi a kan nauyin bayan banda ake ɗora shi, kuma makon farko na kowane sabon kaya muna aunawa sau biyu, a kasuwa da bayan gyara, mu rubuta bambancin. Ɓurɓushin ba ya asara gaba ɗaya, masu abincin sayarwa na gari suna saye, ko a daka shi a sayar a matsayin garin miya.

Kwali ya zama mai ƙarfi, wanda bai taɓa ɗaukar sabulu ko omo ko maganin feshi ba, domin kifi yana jan wari. A shimfiɗa farar takarda mai tsabta a ciki. Jarida tana ba da tawada, takardar siminti kuma ba ta dace da abinci ba. Manya a ƙasa, ƙanana a sama, a cike gurabe da dunƙulen takarda. A rufe a girgiza: idan ka ji motsi, to a hanyar Kontagora zai zama gari. Ba ma wuce kilo 10 a kwali ɗaya. A ɗaure da salatif ta tsawo da ta faɗi, sannan a sa kwalin cikin leda babba, sannan buhu. Ledar a waje take, don ruwan sama, ba a jikin kifi ba. A kan kowane kilo muna ɗora 'yar gyara, saboda da hunturu kifi yana ƙara bushewa a hanya, kuma mai saye da ya auna ya ga giram 950 a maimakon 1,000 ba zai yarda iska ce ta sha ba. Daddawa leda biyu ake yi mata sannan roba mai murfi, kuma ba ta shiga kwali ɗaya da ƙuli-ƙuli. Suna da lambar waya da sunan tasha a rubuta su da maka a gefe biyu na buhun, a bi rubutun da farin salatif don kada ya goge.

Ranar tasha ita ce ranar da ba a aika yaro shi kaɗai. Matan da ke wannan sana'a daga cikin gida, kuma suna da yawa, galibi ƙane ko miji ke kai musu, to shi ma ya san abin da zai yi. A isa tun kafin motar farko ta cika. A bi ta hannun 'yan ƙungiyar direbobi a rubuta saƙon, ko da za a ƙara ɗan abu, maimakon tsayar da motar da ba a sani ba a bakin hanya. Idan kaya suka ɓace, wanda aka rubuta yana da inda za a bi shi. A tsaya a ga inda aka sa kwalin. "Malam, wanga kwali kihi na, don Allah kar a aza mishi buhu," haka muke cewa, kuma ba ma tafiya sai mun gani. Kada ya zauna kusa da jarkar fetur a but. Idan a saman mota za a ɗaure, sai da tamfol. A ɗauki hoton kayan a cikin motar, da lambar motar, a karɓi lambar direba a kira ta nan take a ji ta yi ƙara a aljihunsa. Maganar kuɗin mota a gama ta a gaban ɗan kamasho, a rubuta "an biya" a jikin buhun, domin rigimar da ta fi yawa ita ce a ce wa mai karɓa sai ya sake biya.

Abin da ke sa wannan sana'a ta tsaya da ƙafarta shi ne haɗa kaya. Kwali goma zuwa mutum goma a Abuja, kowanne da kuɗin motarsa, kowanne da kiran direba, wahala ce da tsada. Maimakon haka muna samun wakili ɗaya amintacce a can, ɗan uwa ko ɗan gari da ke zaune kusa da Zuba ko Mararaba, a haɗa ƙananan ƙunshi duka a babban buhu ɗaya ko biyu, kowane ƙunshi da sunan mai shi. Shi zai karɓa, ya raba ta hannun 'yan babur ko a zo wurinsa a ɗauka, a ba shi la'ada a kan kowane ƙunshi. La'adar nan a yanke ta tun farko, kada a bar ta a kan zumunci, don aikin da ba a biya ba ba ya daɗewa. Saboda haka ma ba ma buɗe gari sabo sai odarsa ta isa cika buhu. Gara Abuja kaɗai da mutum ashirin, da garuruwa takwas da mutum bibbiyu.

Da mota ta tashi sai a tura wa mai karɓa hoton kaya da lambar direba da lokacin da ake sa ran isa. Motar Abuja tana bi ta Kontagora da Tegina da Minna da Suleja. Ta Legas kuma daga Kontagora take yin Mokwa da Jebba da Ilorin da Ibadan. Hanyoyin nan ba su da tabbas. Mota na lalacewa, wani yankin direbobi ba sa bin sa da dare saboda tsaro, kuma ambaliyar Mokwa ta ƙarshen Mayun 2025 ta nuna yadda lalacewar gada ɗaya ke tsayar da motocin da ke bin wannan hanya tsakanin arewa da kudu. Don haka ba ma cewa "zai iso gobe ƙarfe kaza", muna cewa tsakanin gobe da jibi in Allah ya yarda, kuma mu ne ke fara kira idan an sami jinkiri. Mai karɓa ya san cewa direba ba ya jira. Idan bai ɗaga waya ba, za a bar kwalin a hannun wani a tasha, a rana, kuma sai ya biya kuɗin ajiya.

Muna roƙon kowa ya buɗe a ranar da ya karɓa, yana ɗaukar bidiyo, ya fito da kifin daga kwali ya baza shi ya sha iska, sannan ya sa a firji ko ya riƙa ɗumama shi lokaci-lokaci. Idan aka sami fumfuna ko ƙwaro ko nauyi bai cika ba, laifinmu ne, muna mayar da kuɗi ko mu cike a buhun mako mai zuwa ba tare da jan magana ba. Idan kuwa an bar shi a ƙulle kwana biyar a kicin, wannan mun riga mun faɗa a rubuce. Daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da iska kanta ke ɗauke da laima, muna rage kifi mu daina aika manyan yanka, mu ƙara ƙarfi a yaji da kuka da ƙuli-ƙuli.

Wasu cikinmu suna juya kuɗin su sayo kayan Kano su sayar wa mutanen gari da ma'aikatan ƙaramar hukuma: atamfa da leshi da shadda daga Kantin Kwari, gwanjo da robobi daga Ƙofar Wambai. Wannan ɓangaren matsalarsa ba lalacewa ba ce, bashi ne. Mai saye na Abuja ya biya kafin ya gani, maƙwabciya kuwa za ta ɗauki turmi ta ce sai ƙarshen wata, kuma kuɗin kifin mako mai zuwa ne ke jikinta. Ba ma haɗa jarin biyu a asusu ɗaya. Kayan sallah kuma kafin azumi ake sayo su, tun teloli ba su rufe karɓar ɗinki ba.

Akwai abin da ba ma sa wa a waya ko kaɗan: hoton alat, tarin kuɗi, ƙofar gida, sunan ƙauye, da ranar da za mu fita da tsaba zuwa kasuwa. A birni irin wannan talla ce, a yankin da ake fama da 'yan bindiga da masu kai musu rahoto kuwa kiran fitina ne. A talla sunan babban gari ya isa, wanda ke son karɓa da kansa a haɗu a tasha.

Duk abin da ke cikin waya kuma muna da shi a littafi. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya, an rufe kasuwannin mako, masu sana'a irin tamu a can suka wayi gari ba su da hanyar sanin wa ya biya, wa ke bin su kaya. Waya ma tana faɗawa ruwa, ana sace ta. Littafin mai layi ne na 'yan makaranta, shafi ɗaya mako ɗaya: suna, lamba, gari, irin kaya, kilo, abin da aka biya, ranar tashi, lambar mota, sai gurbin ƙarshe da ake sa alama idan mutum ya ce ya karɓa lafiya. A ƙasan shafin ake rubuta nauyin kasuwa da nauyin bayan banda da duk abin da aka kashe, har kuɗin ruwan da aka saya wa mai dako. Direban da ya kai kaya lafiya sau uku a jere, lambarsa tana komawa cikin bangon littafin, kuma shi ake fara kira daren tasha a ji ko gobe yana da lodi.